MAI SO YA RASA, MAI ƘI YA SAMU: Yadda Ake Rabon Gurbin Karatun Faransanci A Jami'o'inmu



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana matasa, maganar da na zo da ita yau ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga idan na ci gaba da yin shiru to na ci amanar yara biyu da suka zauna a gabana shekara da shekaru suna ɗaukar karatu. Maganar ita ce yadda jami'o'inmu suke rabon gurbin karatun harshen Faransanci. Da'awata guda ɗaya ce, zan kuma faɗe ta tun daga farko don kada mai karatu ya wahala wajen nemanta: tsarin da muke bi yana rufe ƙofa ga wanda yake son harshen, yana kuma tura wanda ba ya so ciki ta taga. Sa'annan mu dawo muna mamakin yadda ake samun mai digiri a Faransanci wanda ba zai iya cinikin burodi da shi a kasuwar Maraɗi ba.

LABARIN YARA BIYU

Na farkonsu yaro ne da ya fara zuwa Islamiyyarmu tun yana ɗan shekara bakwai. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai kai-da-kawo tsakanin Jibiya da Maraɗi, shi kuwa tun da ya tasa yake bin sa lokacin hutu. A can ya tsinci Faransanci irin na tasha da bakin iyaka: ya iya gaisuwa, ya iya lissafi, yana duba rasit da takardun kwastan ya fassara wa mahaifinsa. A wurina ya haddace Ajurrumiyya, ya kuma yi nisa a Alfiyyar Ibnu Malik, kuma ban taɓa koyar da yaron da ya fi shi saurin kama ƙa'idar nahawu ba. Burinsa ya zama tafinta mai riƙe da Larabci da Faransanci da Turanci. Sai dai makarantar gwamnatin da ya yi, shekara shida cur, ba ta da malamin Faransanci ko ɗaya. Darasin yana nan a rubuce cikin jadawali, amma idan lokacinsa ya yi sai yara su fita shan iska. Saboda haka bai rubuta Faransanci a jarrabawar kammala sakandare ba. Jami'ar da ya nema ta ce sai da kiredit a Faransanci. Ya roƙa a gwada shi, a yi masa magana da harshen a ji bakinsa, aka ce masa ba haka tsari yake ba.

Ta biyun yarinya ce haziƙa, wadda tun tana aji uku take cewa lauya za ta zama. Ta ci maki mai kyau a jarrabawar JAMB, amma bai kai wanda sashen shari'a ya yanka ba. Ana dab da rufe ɗaukar ɗalibai sai ta ga an canja mata fanni, an ba ta Faransanci, domin jami'ar da ita ta nema ba ta sharɗanta kiredit ɗin ba. Ta zo mini da hawaye tana cewa: "Malam, ko gaisuwa ban iya da shi ba, ban kuma taɓa sha'awarsa ba." Mahaifinta ya ce da babu gara ba daɗi, ba zai yarda ta sake shekara a gida ba. Ta karɓa. Yau tana aji uku, tana haddace darasi ta zube shi a takardar jarrabawa, ta fito ta manta.

Daga baya ne muka gano cewa da yaron ya nemi jami'ar da yarinyar take, da wataƙila ya dace. Amma sassaucin yana binne cikin ƙananan rubuce-rubucen littafin JAMB, inda ba kowane uba ne zai iya tono shi ba, kuma lokacin da muka farga an riga an cika guraben da waɗanda aka koro daga wasu sassa. Yau yaron yana zaune a shagon mahaifinsa. Wani zai ce ai sai ya je ya rubuta jarrabawar 'yan waje. Da kuɗin wa? Kuma wa zai koya masa rubutun harshen, alhali rashin malami ne ya kawo mu nan tun farko?

GWAMNATI TA YI ALKAWARI, YARO YA BIYA BASHI

Domin a yi adalci, bari mu koma asalin lamarin. A shekarar 1996 shugaban ƙasa na mulkin soja, Janar Sani Abacha, ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya. Manufar ilimi ta ƙasa da aka buga a 2004 ta nanata haka, ta kuma ce darasin tilas ne a firamare da ƙaramar sakandare. Kafin nan, a 1991, an kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry ta jihar Legas, inda ɗaliban sashen Faransanci suke zuwa a shekararsu ta uku su zauna cikin harshen, kamar yadda aka kafa na Larabci a Ngala ta jihar Borno. A takarda dai komai ya tsaru.

To amma ina tambayar kowane ɗayanku da ya yi makarantar gwamnati a Arewa: a ajinku, wa ya koya muku Faransanci? Mutum nawa kuka sani da suka rubuta shi a WAEC ko NECO? Gani ya kori ji. Wanda ya samu harshen a sakandare, galibi ɗan makarantar kuɗi ne, ko wanda iyayensa suke iya biya masa darasi a cibiya irin ta Alliance Française da ke Kano. Ashe sharaɗin kiredit, a irin wannan yanayi, yana auna aljihun uba ne fiye da yadda yake auna basirar ɗa. Hukuma ta yi alkawarin malami ba ta kawo ba, sai jami'a ta kama yaro tana tuhumarsa da rashin abin da ba a ba shi ba. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

DARASI DAGA HARSHEN ITALIYA

Zan kawo misali daga ƙasar da muka gaji tsarin jami'a daga gare ta, wato Ingila. A Jami'ar Cambridge, mai neman digirin harsunan zamani yana karanta harsuna biyu ne. Dole ya kasance ya yi ɗaya daga cikinsu a babbar jarrabawar ƙarshen sakandare, ɗayan kuwa yana iya fara shi daga baƙin farko. Italiyanci yana cikin waɗanda ake farawa haka, ko da ɗalibi bai san kalma ɗaya ba. Faransanci kuwa ba a farawa da shi daga tushe, sai wanda ya zo da shi daga sakandare. Haka ma Jami'ar Oxford tana da ajin masu fara Italiyanci daga tushe.

Me ya sa suka bambanta tsakanin harsuna biyu da suke 'yan'uwan juna, dukkansu jikokin Latin? Shin Faransanci ya fi Italiyanci daraja ne, ko ya fi shi wuya? A'a. Dalilin yana cikin makarantunsu: Faransanci yana cikin harsunan da aka fi koyarwa a sakandaren Ingila, kusan duk mai so zai samu malami. Italiyanci kuwa makarantu kaɗan ne suke koyar da shi. Da jami'a ta ce sai mai shaidar Italiyanci za ta ɗauka, da ajin ya zama kango. Sai suka duba abin da makarantu suke iya bayarwa, suka yanka sharaɗi daidai da shi.

Duk wanda ya ɗanɗana ilimin usulu ya san cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa: inda ta samu ya samu, inda ta kau ya kau. Illar sharɗanta shaidar Faransanci a Ingila ita ce yalwar malamansa. Mu kuma muka riƙe irin wannan hukunci alhali illarsa ba ta tare da mu. Matsayin Faransanci a makarantun gwamnati na Katsina da Sakkwato da Yobe shi ne matsayin Italiyanci a makarantun Ingila: harshe ne da mai so ba ya samun mai koya masa. Idan ƙiyasi za mu yi, to a kan hukuncin Italiyanci ya kamata mu yi shi. Kayan aro ba ya rufe katara, balle ma an aro wanda ba shi ne daidai jikin ba.

A lura da wani abu kuma. Cambridge ba ta buɗe ƙofa haka kawai ba, ta nemi hujjar cewa ɗalibi ya taɓa koyon wani baƙon harshe har ya ƙware. Wanda ya iya harshe ɗaya da ƙa'idojinsa, an san zai iya na biyu. Zan dawo kan wannan, domin a nan ne haƙƙin ɗan Islamiyya yake.

"AI DARAJAR DIGIRI ZA TA FAƊI"

Wannan ita ce hujjar da ake fara kawowa, kuma ba zan raina ta ba, domin masu faɗarta da yawa malamai ne na ƙwarai masu kishin fanninsu. Suna cewa jami'a ba wurin koyon baƙaƙe ba ce, kuma shekara huɗu ba ta isa mutum ya tashi daga gaisuwa ya kai ga nazarin adabi ba. Amsata kashi uku ce.

Na ɗaya, wanda ya fara Italiyanci daga tushe a Cambridge shekara huɗu yake yi, ɗaya daga ciki a ƙasar waje, ya fito da digiri ɗaya da abokansa. Ban ji wanda ya ce darajar jami'ar ta zube saboda haka ba. Abin da ake yi shi ne a tsananta masa karatun harshen a shekarar farko, a ƙara masa sa'o'i, har ya kamo.

Na biyu, su kansu masu harsunan nan haka suke yi wa namu. A birnin Paris akwai cibiyar INALCO da ake koyar da Hausa, haka ma a jami'ar L'Orientale da ke Napoli ta Italiya. Shin Bafaranshe ko Ba'italiye da ya je can neman Hausa, ana ce masa ya kawo kiredit ɗin Hausa daga sakandare? Daga "sannu" ake fara masa, kuma daga irin waɗannan azuzuwa aka samu waɗanda suka wallafa ƙamus da littattafan nahawun harshenmu.

Na uku, kuma wannan ce ta fi mini ciwo: masu farawa daga tushe suna nan cike da azuzuwan Faransanci a jami'o'inmu yanzu haka. Yarinyar da na ba ku labarinta ɗaya ce daga cikinsu. Ashe ba a ƙi ɗan koyo ba. Wanda aka ƙi shi ne ɗan koyon da ya zo da ƙafarsa yana so, aka karɓi wanda aka jawo yana turjiya. Idan akwai abin da yake zubar da darajar digiri, to ga shi nan.

Sa'annan ita takardar kiredit ɗin, me take aunawa? Duniya ta daɗe da samar da ma'auni mafi inganci. Tun 2001 Majalisar Turai ta fitar da tsarin matakai shida na ƙwarewa a harshe: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. A kansa jarrabawar DELF da DALF ta Faransanci take tafiya, haka ma CILS ta Siena da CELI ta Perugia a Italiyanci. Baƙon da yake son yin digiri da harshen Italiyanci a Italiya, galibi matakin B2 ake nema daga gare shi, kuma a Perugia akwai jami'a sukutum ta baƙi da take ɗaukar mutum daga matakin farko ta haura da shi. A jami'o'in Amurka da dama, kafin ɗalibi ya yi rajistar ajin Faransanci ko Italiyanci sai an yi masa gwajin tantance mataki, har ma akan hana wanda ya yi shekaru yana karanta harshen a sakandare shiga ajin 'yan farko, don kada ya danne su. Manufar duka ɗaya ce: a ji bakin mutum, a ga rubutunsa, a ajiye shi inda ya dace. Gwajin sa'a ɗaya da ya isa a gane cewa yaron Jibiya ya wuce ajin gaisuwa. Ba a ba shi wannan sa'ar ba.

AUREN DOLE

Yanzu bari mu juya ga ɗaya ɓangaren. Kusan mutum miliyan biyu ne suke zama jarrabawar JAMB a kowace shekara a 'yan shekarun nan, kuma sassa irin su likitanci da shari'a suna samun masu nema ninkin-ba-ninkin guraben da suke da su. Sassan harsuna kuwa sukan kwana da gurabe a buɗe. Sai a kwaso ragowar can a zuba nan, sashe ya samu adadin da zai kare kansa da shi, jami'a ta cika lissafinta, uba ya samu abin faɗa a majalisa cewa 'yarsa tana jami'a. Kowa ya samu biyan buƙata ban da mutum biyu: ɗalibar da malaminta.

Za a ce mini ai tun 2017 da aka kawo tsarin CAPS, ba a ba ɗalibi gurbi sai ya shiga intanet ya danna amincewa da hannunsa. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya karanta babin aure a fiƙihu ya san akwai bambanci tsakanin yarda da rashin mafita. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, an ce mata ko wannan ko zaman gida, ƙawayenta duk sun tafi, me ake so ta danna? Dole ƙanwar na ƙi ce.

Shi kuwa harshe, a cikin dukkan fannonin ilimi, shi ne wanda ba ya karɓar dole. Mutum yana iya haddace tarihi yana ƙinsa ya ci jarrabawa. Harshe sai ka buɗe baki ka yi kuskure an yi maka dariya ka sake, sai ka kwana kana sauraron rediyo da shi, sai ka nemi masu shi ka zauna da su. Mu da muka koyi Larabci mun san haka. A ajinmu, wanda uba ya turo yana ƙi, har muka gama yana i'irabi daidai amma bai iya haɗa jimla biyu a gaban Balarabe ba.

Kada kuma sassan su ɗauka cewa cika aji da waɗanda ba sa so kariya ce mai ɗorewa. A 2023 Jami'ar West Virginia ta Amurka ta soke dukkan digirorinta na harsunan waje da sunan tsuke bakin aljihu. Ƙididdigar ƙungiyar malaman harsuna ta can, MLA, ta nuna cewa masu rajistar azuzuwan harsunan waje sun ragu da kashi 16.6 cikin ɗari tsakanin 2016 da 2021. Ranar da masu riƙe da kuɗi suka zo da wuƙa, abin da zai kare sashe shi ne tsoffin ɗalibansa da suke aiki da harshen, suke kuma alfahari da shi. Wanda aka yi wa auren dole ba zai zo ya ba da wannan shaida ba.

LAIFINMU MU MA

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba jami'a kaɗai ce ta sa guraben nan suke zama babu masu nema ba. A cikinmu akwai masu ganin Faransanci harshen 'yan mulkin mallaka ne da bai dace ɗan Musulmi ya ɓata shekara huɗu a kansa ba, wasu kuma suna cewa ai su kansu maƙwabtan namu sun juya masa baya. Gaskiya ne cewa a watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundinta ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na yi farin ciki da wannan kamar kowane Bahaushe. Amma kundin nan dai shi ne ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki tare da Turanci. Dokoki da takardun kotu da na asibiti da na jami'a da aka tara cikin fiye da shekara sittin ba za su fassara kansu ba. Bilhasali, ranar da aka ɗaga darajar Hausa a Yamai ita ce ranar da aka fi buƙatar wanda ya ƙware a Hausa da Faransanci tare.

Dubi taswira. Benin, Nijar, Chadi, Kamaru: duk ƙasar da muka haɗa iyakar tudu da ita tana aiki da Faransanci, kuma iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kusan kilomita 1,500. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, wadda ta kafa Jami'ar Musulunci da ke Say a Nijar, harsunanta uku ne: Larabci, Turanci da Faransanci. Haka Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yake aiki da su. Wanda ya haɗa ukun nan, wace ƙofa ce za ta gagare shi?

Tarihinmu ma rabinsa yana kulle a cikin harshen. Rahotannin ayarin Voulet da Chanoine da suka yi wa Birnin Konni kisan gilla a 1899, da abin da aka rubuta game da Sarauniya Mangu, da labarin yadda aka ci Damagaram, suna ajiye cikin Faransanci a ɗakunan adana tarihi na Dakar da Aix-en-Provence. Haka takardun shari'ar Umar Mukhtar, wanda Italiyawa suka rataye a Libiya a 1931, da Italiyanci aka rubuta su, kuma da shi Leone Caetani ya wallafa mujalladansa goma a kan tarihin farkon Musulunci. Idan ba mu iya karanta abin da aka rubuta a kanmu ba, to kullum sai dai a karanta mana, a zaɓar mana abin da za mu ji. Kuma ai sananne ne a tarihin sahabbai cewa Zaidu ɗan Sabit, Allah Ya ƙara masa yarda, ya koyi rubutun Yahudawa bisa umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin a samu amintacce mai karanta wasiƙu. Sanin harshen mutane bai taɓa zama mubaya'a gare su ba.

JARIN DA ƊAN ISLAMIYYA BAI SAN YANA DA SHI BA

Na ce zan dawo kan hujjar da Cambridge take nema, wato ƙwarewa a wani harshe. To ga ta a hannunmu. Abubuwan da suke kayar da mai koyon Faransanci ko Italiyanci sun haɗa da rabe suna zuwa namiji da mace, da daidaita siffa da abin siffantawa, da juya fi'ili bisa mai aikatawa da zamani. Wanda Turanci kaɗai ya sani, waɗannan baƙin abubuwa ne a wurinsa. Amma yaron da ya tashi da Hausa, inda riga mace ce wando namiji, sa'annan ya zo ya karanta muzakkar da mu'annas, na'ati da man'uti, ya yi tasrifin fi'ili safe da yamma, me zai ba shi tsoro? Harafin "r" na mutanen Paris da yake wahalar da Bature, maƙwabcin gainun ne a maƙogwaro. Shaddar da Italiyawa suke yi wa baƙaƙensu, mu da ita muka tashi a Hausa da Larabci. Kalmomi ma akwai zumunci: "magasin" ta Faransanci da "magazzino" ta Italiyanci daga "makhazin" ta Larabci suka fito, "dogana" ta Italiyanci, wato kwastan, daga "diwan". 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa tuni suka Hausantar da "lakwal" da "mushe".

Dubban yara suna fitowa kowace shekara da kiredit a Larabci, ta hanyar WAEC da NECO da hukumar NBAIS. Waɗannan su ne ɗaliban da sassan Faransanci ya kamata su fita nema da fitila. Maimakon haka ana nuna musu hanya ɗaya tak, sashen Larabci ko na addini, kamar an ce wanda ya iya i'irabi ba shi da rabo a wani harshe.

ABIN DA NAKE KIRA A YI

Ba ina kira a buɗe sashen Italiyanci gobe ba ne. Darasin da ke cikin yadda ake ɗaukar ɗalibansa nake so mu ɗauka. Ga abin da nake roƙon majalisun jami'o'i da hukumomin JAMB da NUC:

1. Kowace jami'a mai sashen Faransanci ta buɗe hanya ta musamman, bayyananna, ga masu farawa daga tushe, a rubuta ta ɓaro-ɓaro a littafin JAMB, a kuma sanar da ita a makarantu tun kafin cike fom.

2. A karɓi kiredit a Larabci, ko wani harshen da aka karanta da ƙa'idojinsa, a matsayin hujjar cancanta ga wannan hanya.

3. A yi gwajin baki da na rubutu a makon farko, a raba aji bisa mataki, a kuma ƙara wa masu farawa sa'o'i a shekarar farko domin su isa Badagry da abin faɗa.

4. Wanda ya zaɓi Faransanci da kansa a fifita shi a kan wanda aka koro daga wani sashe, ko da na biyun ya fi shi maki. Wanda aka canja wa fanni kuwa a ba shi dama ta gaskiya ya sake sashe bayan shekara ɗaya.

Kada wani ya ce sharuɗɗan shiga jami'a ba sa taɓuwa. A watan Oktoba na 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da cire sharaɗin kiredit a lissafi ga masu neman fannonin adabi da makamantansu. Mutane ne suka rubuta sharuɗɗan nan, kuma idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Ku kuma matasa, kafin a gyara: kada ka cike fom sai ka zauna ka karanta sharuɗɗan kowace jami'a ɗaya bayan ɗaya, domin ba duka suka zama ɗaya ba, ba kuma a fafe gora ranar tafiya. Idan kana son harshen, sa shi a zaɓinka na farko ba tare da jin kunya ba. Idan kuwa an riga an tura ki can ba da sonki ba, ƙanwata, ba zan ce miki an kyauta ba, amma tunda kin shiga, ki nemi wata 'yar Nijar ko 'yar Kamaru a cikin jami'arku ki riƙe ta ƙawa, ki buɗe baki ki yi magana. Lauya mai jin Faransanci ba ta rasa wurin zama a yankin nan, kuma ƙofar shari'a ba ta rufe har abada ba. Iyaye kuma su ji tsoron Allah a kan shekarun 'ya'yansu, su tambaye su abin da suke so kafin su ce a danna.

Shi kuwa yarona na Jibiya, na saya masa ƙamus da littafin nahawun Faransanci na hannu, ya ce yana dubawa da dare idan an rufe shago. Bana za mu sake cike fom, wannan karon kuma ni zan zauna kusa da shi mu karanta ƙananan rubuce-rubucen tare. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi cikin addu'a, wanda kuma yake da kunnen da ake ji a wata jami'a ya isar da saƙon.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, wanda na yi kuskure daga ni ne, Allah Ya yafe mini. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya yi wa zuriyarmu albarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.